Bayan bautar ƙasa: yadda ake zaɓar ƙaramin garin da za a zauna

Da yawa daga cikin masu gama jami'a da bautar ƙasa idonsu na kan Abuja, Kano ko Kaduna. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na haya sun sa wasu suna waiwayar ƙananan garuruwa. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi.

Wane irin gari ake nufi?

Iri biyu ne, kuma tattalin arzikinsu ya bambanta. Akwai hedikwatar jihohin da aka ƙirƙira daga baya, kamar Dutse, Birnin Kebbi da Damaturu a 1991, ko Gombe da Lafiya a 1996. Waɗannan albashi ke juya su: ƙarshen wata kasuwa ta cika, tsakiyar wata kowa ya koma cin bashi. Sai garuruwan sarauta da kasuwa irin su Azare, Haɗejiya, Kazaure, Funtuwa da Potiskum, inda kuɗi ke bin kaka da ranar kasuwa. Mai neman aikin ofis ya fi dacewa da na farko. Wanda ya karanta noma, kiwo ko kasuwanci, sau da yawa na biyun ya fi masa riba.

In fara zaɓar gari, ko in fara neman aiki?

Aiki tukuna. A ƙaramin gari guraben ba su da yawa, kuma aikin gwamnatin jiha yakan fifita masu takardar shaidar zama 'yan asalin jihar. Baƙo ya fi samun ƙofa a hukumomin tarayya, kamar jami'o'in Dutse, Kashere da Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe. Bayan su akwai bankuna, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji. Kafin ka amince da aikin koyarwa a makarantar kuɗi, tambayi malaman da ke ciki ko ana biyan albashin watannin hutu, domin wasu ba sa biya. Ka kuma auna abin da aka yi maka tayi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Wuta fa?

Kada ka tambayi ko garin yana da wuta. Tambayi rukunin layin wutar da unguwar take kai. An raba masu amfani da lantarki rukuni biyar, daga A zuwa E. Rukunin A a ƙa'ida yana samun aƙalla awa 20 a rana, kuma shi ya fi tsada, E kuma awa 4. Unguwanni biyu masu maƙwabtaka na iya zama a layi daban-daban. Dillali zai ce maka "nan wuta ba ta ɗaukewa". Mai walda da mai injin markaɗe da mai cajin waya su za su faɗa maka gaskiya, don su ke sayen man janareta. Idan aikinka ta intanet ne, shiga cikin ɗakin da za ka kama ka gwada layin waya biyu, musamman bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya.

Me ya fi kama baƙi ba shiri?

Ruwa. Mutum ya duba gida a watan Nuwamba, rijiya cike, ya biya kuɗin shekara, sai bazara ta shigo rijiyar ta ƙafe. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a je duba gari shi ne Maris ko Afrilu. Ka fito bayan sallar asuba ka ga yawan 'yan ga-ruwa da ke tura kura a layin. Idan sun yi jerin gwano, famfon da ka gani a tsakar gida ado ne kawai. Tambayi kuɗin jarka ɗaya a bazara, ka ninka da abin da za ka sha, ka yi wanka da wanki a wata, ka ɗora a kan haya. Wani ɗakin mai araha a nan yake tashi daga araha. Inda ake da rijiyar burtsatse, gano wa ke sayen mai ko gyara famfon idan ya lalace, domin nan rigimar 'yan haya ke farawa.

Damina ma tana da nata. Dubi gindin katanga: layin danshi ko sabon yaɓe daidai gwiwa alama ce ta inda ruwa ya taɓa kaiwa. A garuruwan bakin kogi kamar Haɗejiya, inda ambaliyar 2022 ta yi ɓarna, wannan ba abin wasa ba ne.

Yaya batun haya ga wanda bai yi aure ba?

Nan akwai ƙalubale. Masu gida da yawa ba sa son ba gwauro ɗaki a gidan iyali, mace marar aure kuma ta fi shan tambayoyi. Unguwannin da ke kusa da jami'a ko sakatariya sun saba da haka. Haya ta shekara ake biya, dillali yakan karɓi la'adarsa ta kusan kashi 10 cikin 100. Kada ka miƙa kuɗi sai ka ga mai gidan ido da ido, an rubuta yarjejeniya da shaidu, ka karɓi rasit. Duba mita, kada ka gaji bashin wutar wanda ya tashi.

Ta yaya zan gane mutanen gari na karɓar baƙi?

Kowane gari za a ce maka mutanensa na da kirki, don haka tambayar ba ta da amfani. Unguwa ake aunawa. Nemi baƙin da suka daɗe a wurin, Bayarabe mai kemis ko Inyamuri mai kayan gini, ka ji shekara nawa suka yi da ko 'ya'yansu a nan suke karatu. Zauna wurin mai shayi dare biyu ka ga ko a na biyun an tambaye ka daga ina kake. Yi ciniki a kasuwa ka ga ko farashi na canzawa da jin karin harshenka.

Karɓar kuma tana da nauyinta. Ana sa ran ka je ka gaida mai unguwa, zai fi kyau wani ya kai ka. Ana lura da wanda ya zo jana'iza da suna da ɗaurin aure, ana kuma lura da ƙarfe nawa kake dawowa da wa ke zuwa wurinka. Wanda ya fi son ya rufe ƙofarsa ba ruwansa da kowa, babban birni ya fi masa sauƙi.

Tsaro da hanya?

Sau da yawa cikin gari lafiya lau, matsalar na kan hanyar shiga da fita. Je tasha ka tambayi direbobi ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi da dalilin haka. Lissafa kuɗin zuwa gida da dawowa, da tazarar babban asibiti. Dutse da Kazaure suna kusa da Kano har a je a dawo a yini guda, Keffi kuma haka take da Abuja.

Kwana nawa ya isa gwaji?

Mako guda, wanda ya haɗa da Juma'a da ranar kasuwa. Sauka wurin aboki ko wani ɗan bautar ƙasa maimakon otal, domin janaretan otal da tankinsa na ruwa za su ɓoye maka duk abin da ka zo gani.