Gofa da dogon barcin hunturu: tambayoyi da amsoshi

Wace irin dabba ce gofa?

Gofa ƙaramar dabba ce daga dangin ɓera, ana samunta a Arewacin Amurka da Amurka ta Tsakiya, kuma kusan dukkan rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa take yi, ita kaɗai a raminta. Kamar gafiya, tana da aljihu a kumatu inda take cusa abinci, sai dai nata ta waje yake buɗewa, kuma gashi ne ya lulluɓe cikinsa. Leɓunanta suna rufuwa ta bayan haƙoran gaba, shi ya sa take iya haƙa da haƙori ba tare da ƙasa ta shiga bakinta ba. Manoma ba sa shiri da ita, domin saiwa take ci, wani lokaci ma takan janye tsiro ɗungurungum zuwa cikin rami.

Tana yin dogon barci idan sanyi ya tsananta?

A'a, aiki take yi shekara zagaye. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, takan fasa hanyoyi a cikin dusar ta cusa musu ƙasar da ta haƙo, har idan dusar ta narke a ga dogayen curin ƙasa a shimfiɗe a fili. Wasu suna ɗauka tana yin wannan barcin, amma ruɗanin ya samo asali ne daga yadda mutanen wasu jihohin Amurka, irin su Minnesota, suke kiran kuregen ƙasa mai zane a baya da sunan gofa, alhali shi wannan kuregen yana shafe watanni yana barci.

To waɗanne dabbobi ne suke yin barcin na gaske?

Akwai jemagu da yawa, da bushiyar Turai, da kuregun ƙasa. Abin ya wuce barcin da aka saba da shi, domin zafin jiki yakan faɗi ƙwarai, bugun zuciya ya ragu zuwa 'yan kaɗan a minti guda, dabbar kuma ta riƙa rayuwa da kitsen da ta tara kafin sanyi. Mafi ban mamaki shi ne kuregen Alaska, wanda aka auna zafin jikinsa ya sauka zuwa kusan digiri 3 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, kuma jininsa bai daskare ba.

Beyar fa?

Beyar babbar dabbar dawa ce mai yawan gashi; zafin jikinta ba ya faɗuwa sosai, ana kuma iya tada ta. Duk da haka takan yi watanni ba ci, ba sha, ba fitsari, kuma macen a cikin wannan hali take haihuwa.

Akwai irin wannan a ƙasashe masu zafi?

Akwai, amma fari ne yake jawo shi. Idan tafki ya ƙafe da rani, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska ta wata 'yar kafa har damina ta sauka.