Waiwaye: Ɗakin oksijin da gyambon masu ciwon suga

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga a Maraɗi ya san yadda abin ke farawa. Tsoho ya taka ƙaya a hanyar masallaci bai ji ba, don ƙafar ta daina ji, sai ƴarsa ta ga jini a takalmi. Wata uku ana wanki, gyambo ya ƙi kamewa, likita ya fara zancen yanke ƙafa. Nan ne wani da ya taɓa kai jinya Masar ko Indiya zai kawo labarin ɗakin oksijin, wato rufaffen ɗakin da ake matse iskarsa, majinyaci ya shiga ya shaƙi tsantsar oksijin.

Ɗakin ya daɗe. Tun 1662 wani mai suna Henshaw a Ingila ya gina ɗaki yana matsa masa iska da zugazugi, ba a ma gano oksijin ba tukuna. A 1928 likita Cunningham ya tsayar da wani ƙaton ƙwallon ƙarfe mai hawa biyar a Cleveland ta Amurka, wai matsattsiyar iska tana warkar da ciwon suga. Hujja ta gagara, ginin ya ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe.

Boerema, likitan fiɗa a Amsterdam, shi ya wanke wa abin fuska. A 1960 ya nuna aladu sun rayu cikin ɗakin bayan an zuƙe musu kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jini. Dalili kuwa, in matsi ya ninka na waje sau 2 zuwa 3, oksijin kan narke cikin ruwan jinin kansa, ya isa naman da jijiyoyinsa suka tsuke.

A kan ƙafar mai suga dai har yau ana ja. Binciken Suwidin na 2010 kan mutum 94 ya ga kashi 52 cikin 100 na waɗanda suka samu oksijin sun warke cikin shekara, waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 29. Na Kanada a 2016 bai ga an rage yanke ƙafa ba. Ni dai ba zan sayar da gona a kan wannan ba.

Kuma ba shiga ɗaya ba ce: minti 90 a rana, sau 30 zuwa 40, kunne na toshewa, suga na iya faɗuwa. Ko a Amurka, inshorar gwamnati tun 2003 ba ta biya sai gyambo ya yi zurfi, an kuma shafe kwana 30 ana wanki, ana kankare mataccen nama, an ɗauke wa ƙafar nauyi. Irin aikin da asibitin kutare na Danja, nan kudu da Maraɗi, ya daɗe yana yi wa ƙafafun da ba su ji.