Soson Tace Ruwa Mai Sinadari a Akwatin Kifin Ado: Tambayoyi da Amsoshi

Masu kiwon kifin ado a Yamai sukan ga wani soso mai faɗi, baƙi ko fari ko mai launin tsatsa, da ake yankawa a saka cikin matacin akwatin gilashi. Ga abin da aka fi tambaya a kansa.

Me ya raba shi da soson da ya zo da mataci?

Soso na gama-gari yana tare dattin da ido ke gani: kashin kifi, ragowar abinci, ƙurar hunturu. Mai sinadari kuwa abin da ya narke cikin ruwa yake kamawa, kuma kowane iri da aikinsa. Baƙin yana ɗauke da gawayi na musamman mai jan kulor (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta), wari, da launin shayi da itace ke saki. Farin yana ɗauke da ziyolait, wani irin dutse mai kama amoniya, wato dafin da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Mai launin tsatsa kuma na fosfat ne, wato abincin gansakukar da ke rufe gilashi. Don haka kafin ka saya, san abin da kake son cirewa. Gawayi ba ya taɓa amoniya, komai yawansa.

Gawayin girki ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Na mataci an gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, har ya cika da ƙananan ramuka. Idan aka haɗa faɗin cikin ramukan, giram ɗaya yana da faɗin da ya wuce murabba'in mita 500. Na murhu ba shi da waɗannan ramuka, ga toka da ke ɗaga pH na ruwa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa.

Yaya ake saka shi?

Yanka shi da almakashi ya cika gurbin tsaf, domin ruwa hanya mai sauƙi yake bi: ka bar masa rata a gefe, ta nan zai wuce bai taɓa sinadarin ba. Ɗauraye shi a bokiti har baƙin garin ya daina fita. Sai ka jera yadda ruwa zai fara bi ta soso mai manyan ramuka, ya bi ta auduga, kafin ya iso mai sinadarin. Idan ka sa shi a farko, laka za ta toshe shi cikin ƴan kwanaki. Injin matacin ya riƙa juya ruwan akwatin sau 4 zuwa 5 a awa, wato akwatin lita 100 yana son mai lita 400 zuwa 500.

Kwana nawa yake yi?

Na gawayi mako 2 zuwa 4. Wanki ba ya farfaɗo da shi. Ɗebi ruwan akwatin a farin kofi, ka ajiye kusa da wani kofin mai ruwan famfo: in na akwatin ya yi rawaya-rawaya, soson ya ƙoshi. Amma kada ka sauya shi rana ɗaya da wanke sauran soson, domin a can ƙwayoyin bakteriya masu amfani, masu sarrafa amoniya, suke zaune.

Ina zuba gishiri da magani idan kifi ya kamu da ciwo. Akwai matsala?

Akwai, kuma nan ne ake asarar kifi. Gawayi yana shanye magani, musamman shuɗin nan na metilen. Za ka ga launin ya ɓace da wuri, kifin kuwa bai samu komai ba. Cire soson gawayin kafin jinya, ka sa sabo bayan an gama don ya share ragowar. Ziyolait ya fi haɗari: gishiri na sa ya sako amoniyar da ya tara, ta koma cikin ruwa. Da wannan halin nasa ake sabunta shi, a jiƙa shi kwana ɗaya cikin ruwan gishiri mai ƙarfi a kwano daban, a ɗauraye sosai. A kwano, ba a akwati ba.

Idan ina da shi, sai na canza ruwa?

Dole. Naitiret, wanda ke taruwa bayan bakteriya sun sarrafa amoniya, gawayi ba ya cire shi. Canza kashi 25 cikin 100 na ruwan kowane mako shi ne maganinsa. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa yake, an tace shi da kulor, don haka a sa masa maganin kashe kulor a bokiti tukuna, kada a bar wa soso aikin bayan ruwan ya riga ya taɓa kifi.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, dafin amoniya yana ƙaruwa, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa. In wuta ta ɗauke na awowi, soson ba ya aikin komai tunda ruwa ba ya ratsa shi, bakteriyar cikin mataci kuma suna shaƙewa. Kafin ka sake kunnawa, zubar da ruwan da ya kwanta a matacin, rage abinci ranar, ka auna amoniya. Ya kamata ta nuna 0. In ta haura, canza ruwa nan take, sannan ka sa ziyolait na ƴan kwanaki.