Injin Kwalekwale Ma Yana Ƙonewa a Tsakiyar Kogi

An daɗe ana cewa injin kwalekwale ba ya zafi tunda ƙafarsa tana cikin ruwa. Ba haka ba ne. Ruwan ba ya hawa da kansa, wata 'yar farfelar roba ce a cikin famfo take zuƙo shi ta zagaya da shi jikin injin. Leda ko kainuwa ta toshe ramukan shan ruwa, shi ke nan, zafi ya fara. Yashin Kogin Neja kuwa a hankali yake cinye robar.

Mafi muni shi ne tayar da inji a tudu wai don a ji ƙararsa, cikin daƙiƙoƙi robar take ƙonewa. Da ka tayar, waiwaya ka duba ruwan da ke tsartuwa ta baya. In ya tsaya, kashe injin.