Na'urar ɗaga falanki mai zuƙar iska

Na'urar ɗaga falanki mai zuƙar iska kayan aiki ne da kafintoci, masu walda da masu aikin gilashi ke amfani da shi wajen ɗaukar kaya masu faɗi da nauyi, irin su filawud, MDF (falankin matsattsen garin katako), farantin ƙarfe da gilashi, ba tare da an ɗaure su da igiya ba. Ana kifa wasu fayafayi masu bakin roba a kan kayan, a zuƙe iskar da ke ƙarƙashinsu, sai kayan ya manne, a ja shi sama da ƙugiya. Akwai ƙirar masana'anta, amma masu ƙananan shaguna da dama kan haɗa tasu da hannu.

Girman falankin da aka fi sani mita 1.22 ne a faɗi, mita 2.44 a tsawo. MDF mai kaurin milimita 18 a wannan girma yana kai kilo 40, farantin ƙarfe mai milimita 3 kuma kilo 70, gilashi mai milimita 10 ya ɗan haura haka. Nauyin ba shi kaɗai ke wahalar da mai aiki ba. Falanki ba shi da mariƙi, hannu biyu ba sa iya rungumarsa, ga shi yana tare wa mutum gani, don haka bayan mai ɗauka ne ke shan wahalar.

Abin da ke riƙe kayan

Mutane kan ɗauka famfon da ke zuƙe iskar ne ke jan falankin sama. A zahiri iskar da ke kewaye da mu ce ke tura shi. A daidai gaɓar teku, iska tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin da ya ɗan fi kilo ɗaya. Ba ma jin wannan danniya saboda ta kowane ɓangare take zuwa. Da zarar an rage iskar da ke cikin faifan, sai ta waje ta rinjaya, ta matse falanki da faifan wuri guda. Wanda ya taɓa toshe bakin sirinji da yatsa ya ja sandarsa ya san yadda take fisgewa ta koma. Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya nuna wannan ƙarfi a shekarun 1650, lokacin da ya haɗa ƙwarya biyu na tagulla baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, dawakai suka ja ta ɓangarori biyu suka kasa raba su.

Lissafin ba shi da wuya. Faifai mai faɗin santimita 20 yana da filin murabba'in santimita 314, ana auna abin da ke cikin zoben roba kawai. Idan an zuƙe kashi 60 cikin ɗari na iskar, zai riƙe kimanin kilo 190 a takarda. Amma ba a aiki da adadin takarda: ana raba shi gida biyu, a ce faifan na kilo 95 ne. Idan kuma za a tayar da falankin tsaye, a sake ragewa da akalla rabi, domin a tsaye abin da ke hana shi zamewa gogayyar roba ce da fuskar kayan, kuma ɗan mai ko ƙura sun isa su lalata ta. Tudu ma yana da nasa tasiri: a wurin da ya kai mita 1,000 sama da teku, danniyar iska tana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin faifan ya ragu daidai da haka.

Sassanta

Firam ɗin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da aka yi wa walda, galibi doguwar sanda guda da gajerun hannuwa a gicciye, da zoben rataya a tsakiya daidai. Fayafayi huɗu ko shida a warwatse sun fi babba guda ɗaya, musamman ga ƙarfe mara kauri. Irin wannan yakan lanƙwasa idan an ɗaga shi ta tsakiya, gefuna su sauka, bakin robar ya fara ɓarewa daga gefe kamar yadda ake ɓare takarda mai gam. Faifan da ke iya riƙe kilo ɗari idan an ja shi kai tsaye, ɗan ƙarfi kaɗan ke cire shi idan aka fara ɓare shi ta gefe.

Wasu kan sayi fayafayin roba na masana'anta, wasu kan yanka nasu daga filastik mai tauri ko alminiyum, su fafe rami a kewaye su cusa igiyar roba mai laushi. Robar dole ta zama wadda ƙofofinta ke rufe. Soso na yau da kullum iska na ratsa shi, ba ya aikin komai a nan. In da filawud aka yi faifan, sai an shafe shi da fenti ko banish ciki da waje.

Hanyoyin zuƙar iska uku ne. Famfon lantarki, irin na masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, yana zuƙa sosai amma a hankali. Akwai kuma ɗan bututun Venturi, wanda ake hura masa iskar kwamfiresa ta ratsa siririyar kafa da gudu, ta ja iskar faifan ta tafi da ita. Ba shi da sashe mai motsi, sai dai yana cin iska da yawa kuma yana da ƙara. Na uku injin share ƙura ne, wanda zuƙarsa ba ta cika wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba, amma yana kwasar iska mai yawa a lokaci guda. Sauran kayan haɗin su ne tiyo mai tauri da ba ya motsewa, filta mai tare garin katako, tankin ajiyar zuƙa, bawul mai hana iska komawa, geji mai nuna ƙarfin zuƙa, da bawul na sakin kaya. A sama kuma ana rataye firam ɗin a injin sarƙa ko na lantarki da ke tafiya a kan dogon ƙarfe, wanda shi ma sai an tabbatar rufin ko ginshiƙin zai ɗauke shi.

Kayan da ke shan iska

A nan masu haɗa tasu suka fi yin tuntuɓe. Gilashi, ƙarfe da falanki mai rufin filastik ba sa barin iska ta wuce, ƙaramin famfo ya ishe su. MDF tsirara kuwa iska tana ratsa jikinsa kamar rariya. Sai a ga famfo yana ta aiki, allurar geji ta ƙi tashi. Wani abin mamaki ma, idan an jera MDF ɗaya bisa ɗaya, zuƙar kan ratsa na sama ta kama na ƙarƙashinsa, a ɗaga biyu ba a sani ba, na ƙasan ya saki a tsakiyar hanya. Maganinsa a ɗaga kaɗan, a dakata, a leƙa ƙarƙashi. Ga irin waɗannan kaya, injin share ƙura da babban faifai sun fi dacewa: faifai mai santimita 40 ta kowane gefe, ko da zuƙar kashi 20 ce, yana ba da ƙarfin da ya haura kilo 300 a takarda. Illarsa ita ce ba shi da ajiya. Wuta na ɗaukewa, kaya na ƙasa.

Tsaro da gwaji

Haɗa na'urar da za ta ɗaga falanki abu ne mai sauƙi. Aikin gaske yana wajen abin da zai faru idan wuta ta yanke ko tiyo ya fice. Tanki da bawul mai hana komawa, wanda ake sawa tsakanin famfo da tanki, su ke ba mai aiki lokacin sauke kaya lafiya. Tankin dole ya zama mai tauri, domin jarkar roba motsewa take yi. Ƙa'idar Turai ta EN 13155 da ta Amurka ASME B30.20 sun shafi irin waɗannan na'urori na masana'anta, kuma ta Turai ta tanadi ninki biyu na ƙarfin riƙewa, da geji da mai aiki ke gani, da na'urar gargaɗi idan zuƙa ta faɗi. Mai haɗa tasa ba shi da dalilin yin ƙasa da haka. Bawul na saki ya kamata ya buƙaci motsi biyu, don kada gwiwar hannu ta taɓa shi a kan kuskure.

Kafin a fara aiki da ita, ana ɗora mata nauyin da ya fi wanda za ta riƙa ɗauka, a ɗaga shi santimita kaɗan daga ƙasa, a kashe famfo, a sa ido a kan geji da agogo. Idan allurar ta fara gangarowa da sauri, akwai yoyo, kuma yawanci a mahaɗar tiyo yake ko a inda bakin igiyar roba biyu suka haɗu. Ba a shiga ƙarƙashin kayan da ke rataye, ba a ɗaga shi sama da yadda ake bukata, ba a kuma barinsa a sama a tafi amsa waya. Kowace safiya ana goge bakin robar a duba ko ta tsage, domin ɗan guntun katako da ya maƙale a ƙarƙashinta ya isa ya buɗe wa iska hanya.