Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a Najeriya: me ta ƙunsa, kuma ina aka kwana?

Yaushe aka kafa dokar, kuma me ya sa ta ɗauki dogon lokaci?

Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya mata hannu ranar 23 ga Janairun 2019, ko da yake shekarar 2018 ce ke jikin sunanta. Tun 2007 Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da haƙƙin nakasassu, ta kuma tabbatar da ita a 2010, amma samar da doka a cikin gida ya zama jan aiki. Sau biyu majalisar tarayya tana amincewa da ƙudirin a zamanin Goodluck Jonathan, a 2011 da 2015, ba a sa hannu ba. Ko a karon ƙarshe sai da aka kai ruwa rana: Buhari ya faɗa a talabijin cewa ƙudirin bai iso teburinsa ba, masu buƙata ta musamman suka fito zanga-zanga, kafin mako ya zagayo aka sa hannu. Zaɓe kuwa saura 'yan makonni a lokacin.

Mene ne ainihin abin da ta haramta?

Nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa, ta kowace fuska. Idan mutum ɗaya ne ya aikata, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka. Idan kamfani ne ko ma'aikata, naira miliyan 1. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙarar neman diyya daban, ko an hukunta mai laifin ko an sallame shi.

Kuɗin tarar dai ya zama tsohon yayi. Ranar da aka sa hannu, mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wato tarar mutum ɗaya ta haura albashin wata biyar. Yau mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Miliyan guda kuwa ga babban kamfani, ko gezau ba zai yi ba.

An ce an ba gine-gine wa'adin shekara biyar. Na mene ne?

Na gyara su yadda gurgu da makaho da kurma za su shiga su fita ba sai an ɗauke su ba: gangaren hawan keke a madadin matakala, na'urar hawa bene, da makamantansu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta kuma hana amincewa da zanen sabon ginin jama'a da bai tanadi waɗannan ba, jami'in da ya amince da shi na iya fuskantar tarar miliyan 1 ko ɗaurin shekara biyu.

Amma je ka tsaya bakin wani banki da hantsi. Za ka ga mutum a kan keken guragu ya yi cirko-cirko a rana, don ƙofar tsaron nan mai buɗewa da rufewa da kanta ba ta cin kekensa. Mai gadi ya shiga ya kira ma'aikaci, a fito masa da takarda ya sa hannu a kan cinyarsa, jama'a na wucewa suna jin nawa zai cira. Wani wurin an yi gangaren, sai dai tsayinsa ya sa ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. An yi shi ne don a ce an yi.

Batun aiki da karatu fa?

Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, da rubutun makafi da yaren kurame. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar mara lafiyan da ba ya ji ko ba ya magana, kuma masu lalurar ƙwaƙwalwa a duba su kyauta. A layi ma an ce a fara sallamar su.

Wannan na asibiti ba ƙaramin abu ba ne. Kurma mai juna biyu da ta je awo ba tafinta, dole ta tafi da ƙanwarta ko ɗanta ya fassara mata abin da ko kusa bai kamata ya ji ba.

Da gaske ne dokar ta hana bara?

Nan ne maganar ta fi taɓa mu a Arewa. Ta haramta amfani da nakasasshe wajen neman sadaka, da yawo da shi a bainar jama'a don a tara kuɗi, da fakewa da nakasa a yi bara. Hukuncin shi ne tarar 100,000 ko wata shida, ko duka biyu.

A ƙasar Hausa nakasassu suna da tsarinsu tun kaka da kakanni: akwai sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare, kowa da fadawansa, masu sasanta rigima da karɓar baƙo. Bara ta daɗe a cikin wannan tsari, mai bayarwa kuma lada yake nema. Ni a ganina wanda ya kamata doka ta fi matsa wa shi ne lafiyayyen da ya mai da ɗan'uwansa jari, ko ya cire yarinya daga makaranta ta zama 'yar jagora. Amma a kwashe makaho daga bakin titi alhali ba a ba shi makaranta ba, ba a ba shi kason aikin da aka yi masa alkawari ba, an fara aiwatar da dokar ne daga wutsiya.

Wa ke da alhakin ganin an bi ta?

Hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, NCPWD, wadda dokar ta kafa. A 2020 aka naɗa James Lalu, wanda kurma ne, babban sakatarenta na farko, Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024. Ita ke ba da takardar shaidar nakasa, tana kuma karɓar ƙorafi.

To dokar tarayya ta wadatar, ko sai jiha ta yi tata?

Makarantar firamare da babban asibiti da tasha da kasuwar da talaka ke zuwa, galibinsu a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke, don haka dokar jiha ce ta fi kusa da shi. Legas ta yi tata tun 2011, Kano a 2018, Kaduna a 2021. Sai dai sa hannu daban, kafa hukuma da ba ta kuɗin aiki daban.

Idan an tauye wa mutum haƙƙi, ina zai dosa?

Ya fara da riƙe hujja: ranar da abin ya faru, wurin, wanda ya gani, da duk wata takarda ko saƙon waya. Daga nan ya kai kuka ga NCPWD, ko hukumar jiharsa idan akwai, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mai ofisoshi a jihohi. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, kuma ƙorafin da ƙungiya ta kai ya fi saurin samun kunnen sauraro. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman taimakon hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnatin tarayya kafin ya nufi kotu.