Hira da Turawan Birtaniya mazauna Sifaniya: yadda ake koyar da bincike da ita

Wane irin bincike ake nufi, kuma me ya haɗa shi da Turawan da suka bar gida?

Masu nazarin zamantakewa suna da hanyoyi biyu manya. Akwai ta ƙidaya, inda ake raba takardar tambayoyi ga mutane da yawa a fitar da alƙaluma. Akwai kuma ta zama da mutane kaɗan a saurare su da kyau, har a gane yadda suke kallon rayuwarsu. Ta biyun muke magana a kai.

A farkon shekarun 1990, Karen O'Reilly, masaniyar zamantakewa 'yar Birtaniya, ta zauna fiye da shekara guda a Fuengirola da ke gaɓar tekun Costa del Sol a lardin Malaga na kudancin Sifaniya, tana cuɗanya da 'yan ƙasarsu da suka koma can. Littafinta ya fito a 2000. Ta sake yin wasu hirarrakin tsakanin 2003 da 2005 kan yadda suka saje da mutanen gari, aka ajiye rubutunsu a rumbun bayanai na Birtaniya da ke Jami'ar Essex. Michaela Benson ta yi makamancin aikin a yankin Lot na karkarar Faransa, nata littafin ya fito a 2011. Irin waɗannan rubutattun hirarraki ne ake ba ɗalibai su koyi bincike da su.

Me ya sa ba za a tura ɗalibi ya yi tasa hirar ba kawai?

Zai yi, amma ba ranar farko ba. Wanda bai taɓa ganin yadda gwani yake tambaya ba, sai ya riƙa sa wa mutum amsa a baki. Idan ɗalibi ya karanta hirar da ƙwararre ya yi, zai ga inda mai tambaya ya yi shiru ya bar mutum ya ci gaba, da inda ya katse shi aka yi asarar magana mai amfani. Kuma aji ɗaya suna duba takarda ɗaya, don haka ana iya yin gardama ta gaskiya a kanta.

To a cikin aji, me ake yi da rubutun?

A nan aikin yake. Ɗalibi zai karanta hirar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya riƙe biro ba. Karo na biyu sai ya fara sa alama a gefen takarda: nan maganar harshe ce, nan ta asibiti, nan kaɗaici, nan makarantar yara. Daga baya ya tara alamomin da suka yi kama, ya ga wane jigo ne ke maimaituwa daga bakin mutane daban-daban. Virginia Braun da Victoria Clarke sun tsara wannan hanya a matakai shida a 2006, malamai da yawa kuma da ita suke farawa. Akwai manhajojin kwamfuta na wannan aiki irin su NVivo, amma a ganina gara a fara da takarda da biro, domin manhaja ba ta yi wa kowa tunani.

A ɗauka wani ɗan fansho ya ce ya saje da mutanen gari sarai. Shafi uku gaba sai ka ga abokansa duk Ingilishi ne, jaridar da yake karantawa ta Turanci ce, in zai je asibiti sai da tafinta. Ɗalibi mai gaggawa zai ce ƙarya yake yi. Malami nagari zai tsayar da shi ya tambaye shi: me mutumin nan yake nufi da sajewa? Wataƙila a wurinsa ya isa maƙwabci ya gaishe shi, mai shagon burodi ya san sunansa. Tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya faɗa da yadda yake rayuwa ita ce abin nazari, kuma takardar "e ko a'a" ba za ta taɓa nuna ta ba.

Ai ana iya auna sajewa da alƙaluma, ko?

Wani ɓangare. Amma a Sifaniya ana son mazauni ya yi rajista a ofishin magajin gari, kuma Turawan Birtaniya da dama ba su yi ba. O'Reilly ta nuna cewa ba iri ɗaya ba ne: akwai waɗanda suka tare gaba ɗaya, da masu komawa gida lokacin zafi, da masu zuwa cin hunturu kawai, da masu kai-kawo ba tsari. Kafin ka ƙirga, sai ka san wa kake ƙirgawa, hira ce kuma take gaya maka.

Yaya batun amana?

Ba a wasa da shi. Ana neman yardar mutum kafin a ɗauki muryarsa, da kuma kafin a ajiye rubutun don wasu su karanta. Ana sauya sunaye. Sai dai a ƙaramin gari inda Ingilishi guda ne ke da mashaya a wani layi, sauya suna kaɗai bai ɓoye shi ba. Ya kamata ɗalibai su gwada da hannunsu: me za a cire, me za a bari ba tare da an kashe ma'anar maganar ba?

Hirarrakin ba su tsufa ba bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai?

Sun zama shaidar wani zamani, wannan ma darasi ne. Mutanen da aka yi hira da su a 2004 suna da 'yancin zama a Sifaniya a matsayin 'yan Tarayyar Turai. An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yuni 2016, Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu 2020, kuma tun farkon 2021 ɗan Birtaniyar da ba shi da takardar zama ba ya wuce kwana 90 cikin kowane 180. Ɗalibin da ya karanta tsohuwar hira da idon yau zai fassara ta ba daidai ba, don haka tambayar farko a aji ita ce: yaushe aka yi wannan magana, kuma wace doka ce ke aiki a lokacin?